Allon na'urorin RV-7A: littafin aiki daga gareji, Janairu zuwa Afrilu 2024

Asabar, 6 ga Janairu

Gangar jirgin ta tsaya a kan tayoyinta uku, fikafikai suna jingine a kan katako a gefe, injin Lycoming O-360 kuma yana ɗaure a mazauninsa ba a taɓa tayar da shi ba. Yanzu sai allon gaban matuƙi da duk wayoyin da ke bayansa.

Ga waɗanda ba su bi aikin daga farko ba: RV-7A jirgi ne mai kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, kamfanin Van's Aircraft da ke Aurora a jihar Oregon yake sayar da sassansa, mutum ya haɗa abinsa a gida. Ni a garejina nake haɗawa, a bayan garin Dayton, jihar Ohio. Dokar hukumar FAA, mai kula da harkar jiragen sama a nan Amurka, ta yarda, muddin mafi yawan aikin mai shi ne ya yi da hannunsa don neman ilimi ko nishaɗi. Ranar da mai duba jirgi zai zo, hotuna da littafin aiki zai fara tambaya. Dalilin rubutun nan ke nan.

Yau kwali na yanka daidai girman allon, na liƙa takardu masu girman kowace na'ura, na shiga na zauna da matashin kujera a ƙarƙashina, ina miƙa hannu ina gwadawa. Abin da na tsayar: babban allon Garmin G3X Touch mai inci 10.6 a gabana, ƙaramar na'urar G5 mai nuna tsayi da gudu da karkata, mai batirin kanta, a gefensa ko da babban ya mutu, rediyo GTR 200 a tsakiya, tiransfonda GTX 45R, wadda ke amsa wa radar hasumiya, a ɓoye a baya. Gefen dama fili ne da ɗan aljihun ajiya. Abokai a reshenmu na EAA, ƙungiyar masu haɗa jirgi a gida, sun so in sa manyan alluna biyu ko uku. Ban ga dalili ba. Da rana zan riƙa tashi, cikin yanayi mai kyau, kuma kowace na'ura da aka ƙara tana zuwa da nauyinta, da wayoyinta, da ranar da za ta lalace.

Asabar, 13 ga Janairu

Ban taɓa ƙarfe ba yau, lissafi na yini yi, kuma ina ganin shi ne mafi muhimmancin abin da zan yi a watan nan.

Tsarin wutar volt 14 ne, altaneta mai amfiya 60, batir Odyssey PC680. Littafin ƙa'idojin FAA mai lamba AC 43.13-1B ya ba da shawarar kada nauyin da ke ci gaba da jan wuta ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin altaneta, wato amfiya 48 a wurina. Na tattara komai, har da hitar bututun Pitot na auna gudun jirgi, wadda ta fi kowa ci, ban kai amfiya 30 ba. Akwai sauran fili sosai.

Tambayar da ta fi cin lokaci ita ce: in altaneta ta mutu ina sama, me zai rage a kunne? Injin bai damu ba, domin magneto biyu, waɗanda ke samar da wutarsu daga juyawar injin, su ke ba shi tartsatsi, ba ruwansu da batir. Amma ina so in ci gaba da ganin tsayina da guduna, in yi magana da hasumiya, su ma su gan ni a rada. Saboda haka na raba layin wuta gida biyu. Babban layi yana ɗauke da komai. Ƙaramin layi na larura yana ɗauke da babban allo, da na'urar da ke auna tsayi da karkata, da rediyo, da tiransfonda. A kullum ƙaramin yana shan wuta daga babban ta cikin dayod, wanda ba ya barin wuta ta koma baya. In abu ya ɓaci, sai in kashe babban makunni, in kunna wani ƙarami da ke jawo wuta kai tsaye daga batir. A lissafina nauyin larurar bai kai amfiya 6 ba, ya isa in nemi filin sauka ba tare da zufa ba.

Sai girman waya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, fis ba na'ura yake karewa ba, waya yake karewa kada ta yi zafi ta cika ɗaki da hayaƙi. Teburin littafin ya nuna: waya mai lamba 22, fis na amfiya 5, mai lamba 18, amfiya 10, mai lamba 14, amfiya 15. Lamba tana raguwa, waya tana ƙara kauri. Kuma a tsarin volt 14 ba a so wuta ta ragu fiye da rabin volt tsakanin layi da na'urar da ke aiki kullum, don haka doguwar waya zuwa wutsiya ko bakin fiffike sai a ƙara mata kauri ko da fis ɗinta ƙarami ne.

Fis irin na mota na zaɓa, a jere a kan faranti mai sauka ƙasa a ƙarƙashin allo. Bireka ɗaya kawai zan sa a fuska, mai amfiya 5, ta wayar da ke ba maganaɗisun altaneta wuta.

Lahadi, 14 ga Janairu

Sanyi ya hana aiki, yatsu ba sa riƙe fensir a gareji. Na zauna a falo na zana allon a kwamfuta, na aika wa shagon da ke yanka ƙarfe da ruwa mai ƙarfi.

Asabar, 27 ga Janairu

Allon ya dawo, kuma bai yi ba.

Tun a hannu na ga ramukan sun yi mini faɗi. Na sa G5 a ramin da ya kamata ya zama inci 3 da ɗaya bisa takwas, sai ga ta tana lilo a ciki, ramukan sukurori huɗu kuma ko ɗaya bai hau kan nasa ba. Na auna kowane rami, duk sun ƙaru da kima ɗaya. Ashe da suka buɗe zanen a na'urarsu, wani ya ja shi ya cika faɗin farantin, komai ya kumbura tare. A ramin makunni bambancin ba ya ganuwa, amma a ramin babban allo ya kai ga leɓen da sukurori za su kama ya kusan ƙarewa.

Alminiyon 2024-T3 ne mai kaurin inci 0.063, in an yanka an yanka. Na yi tunanin yin faci daga baya da ribit, sai na tuna allon nan ba ado kawai ba ne, yana cikin abin da ke riƙe gaban gangar jirgin, kuma shi zan riƙa kallo duk lokacin da na zauna a ciki. Na koma shagon da abin awona. Mai wurin bai yi gardama ba, ya ce za su sake yankawa kyauta, sabon faranti dai ni zan kawo. Dala 70 har da kuɗin aikowa. Na roƙe shi wannan karon su fara yanka gwaji a kan falle mai arha in zo in sa na'urori in gani.

Uwargida da ta ga tsohon allon jingine a ƙofar kicin ta ce, "Maigida, wannan kuma na miya ne ko na tuwo?" Na ce na gwaji ne. Gaskiya kuwa zai yi amfani, a kansa zan gwada fenti da rubutu.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Kayan waya sun iso. Waya mai rigar Tefzel, lamba M22759/16, fara, kala-kalan kauri. Ba a son wayar mota mai rigar PVC a jirgi, domin in ta ƙone hayaƙinta guba ne, kuma tana saurin gogewa. Filayar matse fil (ɗan tsinken ƙarfen da ake sa wa bakin waya ya shiga kanekta) ta Daniels AFM8 na saya ta hannu daga wani da ya gama nasa jirgin, dala 260. Waya, fil, fis, robar da ke tsukewa da zafi da zaren ɗauri, dala 780.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Sabon allo ya zauna daram. Kowane sukuru ya shiga da yatsa.

Murfin gilashin jirgina irin mai ɗagawa gaba ne, kuma akwai haƙarƙari biyu da ke haɗa allon da ƙaramin bangon da ke bayansa. Na hagu ya faɗo daidai bayan babban allo, dole na matsar da shi gefe. Akwatin rediyo ma ya fi tazarar tsawo, na yanka taga a ƙaramin bangon na kewaye ta da ƙarfe mai kusurwa don ƙarfin da aka rage ya dawo. Na rufe murfin a hankali da ƙullin laka a saman kowace na'ura don in ga inda zai taɓa. Bai taɓa ko'ina ba.

Asabar da Lahadi, 17 da 18 ga Fabrairu

Manyan wayoyi. Daga batir zuwa babban rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, daga nan zuwa rilen sitata, daga nan zuwa sitata. Rile biyun kama suke yi da juna a ido amma ba ɗaya ba ne: na batir an yi shi ya yini a kunne, na sitata na 'yan daƙiƙu ne. Kowanne na sa masa dayod a kan nadinsa, don tartsatsin da ke dawowa in an kashe kada ya cinye makunni.

Wayoyin ƙasa, wato waɗanda wuta ke komawa batir ta cikinsu, in ban da na fitila, duka wuri ɗaya za su haɗu. Farantin tagulla ne mai harsuna da yawa, a jikin bangon da ya raba injin da mazaunin matuƙi, da ƙaton noti da ya ratsa bangon ya haɗu da batir da kuma jikin injin ta wata kakkaurar waya. Jikin jirgin alminiyon ne, yana ɗaukar wuta, kuma akwai masu ɗaure wayar ƙasa duk inda suka ga rami kusa. Ga fitila ba laifi. Ga rediyo da ma'aunan injin, hanyar jawo ƙara da karatun ƙarya ke nan.

Kowace waya ina sa mata suna a bakinta biyu kafin ta shiga jirgi, in rubuta lambar a zane. Abin yana cin lokaci ƙwarai, wani lokaci fiye da jan wayar kanta. Amma na leƙa bayan allon wani jirgi a filinmu, kamar falwayar unguwa wadda kowa ya ja wutarsa daga jikinta, duk farare, ba suna ko ɗaya. Mai shi ya saye shi ne a haka, ya ce in abu ya lalace addu'a yake fara yi.

Ba na sa dalma sai inda ba makawa. Dalma tana bin cikin waya ta sandarar da ita, girgizar injin kuma ta karya ta daidai inda taurin ya ƙare. Matsewa da filaya mai kyau ta fi. Duk fil ɗin da na matse sai na ja shi da hannu kafin in tura shi gidansa.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Fil, fil, fil. Kanektar babban allo da ta na'urar injin GEA 24. Wuya da ido sun gaji. Babu abin faɗa.

Asabar, 2 ga Maris

Wayoyin magneto. Wannan wuri ne da tunani yake juyewa: ba a ba magneto wuta don ya yi aiki, ana haɗa shi da ƙasa ne don ya daina. Ma'ana, in wayar ta tsinke, makunni yana nuna a kashe amma injin a shirye yake. Wani ya juya farfela da hannu, tana iya tashi ta tafi da hannun. Waya mai sulke na yi amfani da ita, na gwada makunnin da mita tun kafin in ɗaura ta a jikin magneto, domin in an ɗaura, nadin ciki yana sa mita ta nuna kusan sifili ko a kunne ko a kashe.

Na kira yarona babba na nuna masa. Ya ce, "Abba, ai ba mai a ciki." Na ce ko babu, daga yau ba mai taɓa farfela a gidan nan, ba mai jingina da ita.

Asabar, 9 ga Maris

Na'urorin G3X suna magana da juna ta wayoyi biyu murɗaɗɗu da ake kira CAN. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, daga wannan na'ura zuwa waccan, ba a yi masa dogayen rassa, kuma kowane ƙarshe ana rufe shi da abin tsayar da wuta mai om 120. Biyun a tare, in aka auna ba wuta, mita ta nuna om 60. Gwaji ne mai sauƙi. Nawa ya nuna 120.

Wato layin ya yanke a wani wuri, ƙarshe ɗaya kawai mita ke gani. Nawa layin ya taso daga na'urar kamfas GMU 11 can cikin wutsiya, ya biyo ta ƙarƙashin kujeru, ya hau bayan allo ya ƙare a G5. Na fara cire kanektoci daga tsakiya ina auna kowane ɓangare. Ɓangaren gaba lafiya. Na baya ba ya nuna komai. Sai shiga wutsiya, kwance a kan katako, kai a gaba, fitila a goshi, wurin da ba a yi shi don mai tumbi ba.

A ido kanektar lafiya take. Da na haska cikinta sai na ga fil ɗaya ya noƙe ya fi 'yan'uwansa zurfi. Bai kama maƙallinsa ba, da aka haɗa kanektar sai ya ja da baya. Na tura shi har na ji ɗan ƙaras. Om 60.3. Abin da ya dame ni, irin wannan fil ɗin yana iya taɓawa yau ya saki gobe, a ƙasa komai lafiya, a sama kamfas ya ɓace. Na bi duk kanektocin da na gama, ina tura kowane fil daga gaba da tsinken roba. Sauran duk sun zauna.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama tun Litinin. Aiki ya koma bayan tarawihi, awa ɗaya ko ƙasa da haka, kuma ba na matse fil da barci a ido. Fenti kawai na yi: toka-toka marar ƙyalli, don kada rana ta riƙa dawowa ido.

Wani daga gida ya tambaye ni ko irin wannan jirgin zai iya tashi a Najeriya. Ai ya riga ya tashi. Air Beetle da sojan sama suka yi ta koyon tuƙi da shi a Kaduna daga RV-6A aka samo shi, wan wannan nawa, kamfanin AIEP ya haɗa su a Kaduna, na farko ya tashi a 1989. Muna yara muna ganinsu suna zagaye ta wajen Mando, ba mu san daga akwati aka fito da su ba.

Asabar, 23 ga Maris

Ranar ba da wuta. Ba da batir na fara ba, da na'urar ba da wuta ta kan tebur mai iyakance amfiya, a volt 13.8. Na cire fis duka, na cire kanektocin na'urori, na sa fis ɗaya, na auna cewa wuta ta zo fil ɗin da ya dace ba wani ba, sannan in haɗa na'urar. Haka har ƙarshe. Ba hayaƙi, ba wari. Babban allo ya haska, ya ga kowace na'ura a layi. Alhamdu lillahi. Na kashe babban makunni na kunna na larura, abin da ya kamata ya rage ya rage.

Sai ma'aunan zafin hayaƙi, ɗaya a bututun kowace silinda. Na bi su da bindigar iska mai zafi. Na ɗaya, na biyu da na huɗu lamba tana hawa. Na uku ina dumama shi lamba tana sauka. Wayoyinsa a juye suke. Nau'in K ne, rawaya da ja, kuma a tsarin launin Amurka na irin waɗannan ma'aunai ja ita ce ta ragi, akasin abin da hannu ya saba a batir. Na musanya fil biyu, ya daidaita. Su kuma ba a ƙara musu tsawo da wayar tagulla, sai da irin wayarsu, in ba haka ba mahaɗar ta zama wani ma'aunin daban ta ɓata karatu.

Asabar, 30 ga Maris

Rediyo yana ji, ina kama jiragen da ke magana a sama daga cikin gareji. Amma da na kunna fitilar walƙiya ta wutsiya sai ga tak, tak, tak a abin kunne, daidai da kowace walƙiya. Ba ta da ƙarfi. A sama da ƙarar injin wataƙila ba za a ji ba. Amma ƙara irin wannan tana nufin wata wuta tana bin hanyar da ba tata ba, kuma gara in san hanyar.

Na fara zargin wayar eriya, RG400 ce, na raba ta da ƙullin wayoyin fitila. Ba canji. Na rage sautin rediyo har ƙasa, ƙarar tana nan, to ba ta eriya take shigowa ba, ta wayoyin sauti ne. Na duba sulkensu, a bakin rediyo kawai aka haɗa shi da ƙasa, yadda ya kamata.

Sai soket ɗin abin kunne. Ba a so jikinsu ya taɓa ƙarfen jirgi, wosha biyu marasa ɗaukar wuta ke raba su, ɗaya mai kafaɗa da ke shiga cikin ramin. Na cire kanektar rediyo, na sa mita tsakanin jikin soket da jikin jirgi. Na gefena shiru. Na fasinja mita ta yi kuka. Woshar mai kafaɗa ta tsage, soket ya jingina da bakin rami. Wutar fitilar da ke dawowa ta jikin jirgi ta sami gajeriyar hanya ta cikin wayar sauti. Woshar ba ta kai dala ɗaya ba. Na canza, shiru.

Litinin, 8 ga Afrilu

Husufin rana, Dayton na cikin inda ta rufe gaba ɗaya. Mun yi salla, ba aiki. Sallar azumi jibi.

Asabar, 13 ga Afrilu

Gwajin yoyon bututun iska da ma'aunin tsayi ke dogara da shi. Kafofi biyu ne a gefen gangar jirgi ta baya. Na toshe ɗaya, na zuƙe iska ta ɗayar da sirinji a hankali har ma'auni ya hau ƙafa 1,000 sama da inda muke, na matse bututu na duba agogo. Ƙa'ida kada ya sauka fiye da ƙafa 100 a minti ɗaya. Nawa ya zubar da 240.

Na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ina toshewa. A bayan G5 matsalar take, bakin bututun ya yanku a karkace bai zauna a zoben roba ba. Na yanke shi miƙe da reza. Ƙafa 20 a minti. Wannan gwajin kaina ne. Tiransfonda sai shago mai lasisi ya gwada ta, kuma a maimaita duk wata 24.

Asabar, 20 ga Afrilu

Dattijon da ke ba reshenmu na EAA shawarar fasaha ya zo, ba ya karɓar ko sisi. Ya kwanta a ƙarƙashin allo da madubi da tocila ya daɗe. Abu uku ya nuna. Ƙullin waya ɗaya yana kusa da sandar tuƙi in an tura ta gaba can ƙarshe. Inda wayoyi suka ratsa bangon injin yana son hannun riga mai jure wuta da abin toshe rami, ba roba kaɗai ba. Babbar wayar altaneta kuma tana bukatar maƙalli ɗaya a tsakiya. Na gyara na farko yana tsaye, sauran an yi oda.

Kuɗin wannan mataki zuwa yau: na'urori kusan dala 17,000, waya da ƙananan kaya 1,150, kayan aiki 520, yankan allo da fenti da rubutu 410.

Abin da ya rage: rubutun kowane makunni da fis, sanarwar da doka ta ce a liƙa inda fasinja zai gani cewa jirgin haɗin gida ne, kalmar EXPERIMENTAL da haruffan da ba su gaza inci 2 ba kusa da mashiga, ɗaura na'urar kiran agaji mai 406 MHz da ɗan makunninta a allo, haɗa na'urar GPS 20A da tiransfonda saboda ADS-B, tsarin da jirgi ke sanar da inda yake, wanda ya zama dole a sararin manyan filaye tun 1 ga Janairun 2020. Gwajin ko maganaɗisun wasu kaya yana ruɗa kamfas da daidaita shi sai an kai jirgin fili an sa fikafikai, nesa da ƙarfen gareji. Na yi magana da mai tirela, ya ce tsakiyar Mayu.